Gangar Baba a Bokitin Fenti

Jiya da la'asar hadari ya taso ta bayan duwatsun Gombak, baƙi ƙirin, kafin in kwashe shanya daga baranda ruwa ya ɓalle. Haka Afrilu take a Kuala Lumpur. Da safe zafi kamar an kifa maka tukunya, da yamma kuma sama ta tsage. Ina kicin ina tuƙin tuwo sai na jiyo ganga da bigila daga falo. Mijina Sabi'u ne ya kunna talabijin. Ya leƙo ya ce, "Maman Amira, an dawo wasan Baba fa." Na ce na ji. Ban juyo ba, don idona ya riga ya kawo ruwa, kuma ba na son ya fara yi mini tsiya.

Wasan sunansa besbol. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga da gudu. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ba na son a ƙara mini. Amma duk shekara in kakar wasan ta dawo tare da ruwan nan, sai in koma shekarar annoba, lokacin da aka kulle mu da mahaifina a hawa na sha huɗu a unguwar Taman Melati.

Baba makaɗin noma ne a ƙauyenmu, can bayan Soba. Ɗanlami Mai Ganga ake ce masa. A wajenmu duk namijin da ya isa riƙe garma yana da takensa, wato ɗan kiɗa nasa shi kaɗai, kuma Baba ne ke raɗa wa kowa. In ana gayya yana biye da manoma da gangarsa a rataye. Da ya ga mutum ya fara sanyi sai ya buga takensa, ka ga ƙato ya zabura kamar an tsikare shi. Tun yana saurayi damina ba ta taɓa sauka ba ya nan ba.

Yanar ido ce ta kawo shi. Sai da muka sha fama kafin ya yarda, don shi a wurinsa uba ba ya sauka a gidan auren 'yarsa, ko da kuwa gidan a bangon duniya yake. Muka samar masa ɗaki wurin wani Bakano ɗan kasuwa a Sentul, aka yi aikin idon, yana jiran ranar tafiya. Sai aka ce an rufe gari, an rufe filin jirgi, kowa ya zauna inda yake. Sabi'u ya je ya ɗauko shi da jakarsa. Na ce, "Baba, kwana biyu ne." Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe kafin ya cire takalmi.

Gidan namu ɗaki biyu ne da falo, banɗaki ɗaya. Muka kwaso Amira, 'yarmu, muka bar masa ɗakinta mai hoton kyanwa a bango. Daga ranar shi da Sabi'u suka shiga wasan ɓuya. In Baba ya fito falo, Sabi'u ya durƙusa ya gaishe shi, ya sulale kicin. In Sabi'u yana falo, Baba sai ya yi gyaran murya daga ɗaki ya jira. Mijina ƙato guda ya koma cin abinci a tsaye a gefen firji. Da farko abin dariya yake ba ni. Daga baya na ji kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Sana'ata tuwo da waina ce, ina sayar wa ɗalibai 'yan Najeriya. Ta tsaya cak. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, Sabi'u ke zuwa, ya dawo da shinkafa da ƙwai da kifin gwangwani da kabeji. Shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan bene, inda muke sayen shayi da burodi, sai dai a ƙunsa maka ka wuce. Kukar da na zo da ita daga gida na koma auna ta da ƙaramin cokali, daddawa kuwa sai dai in nuna wa miya ita. Ba mu kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi, amma tukunya ta ragu, kuma Baba ba yaro ba ne. Ya lura. Ya fara cin loma uku ya turo kwano ya ce ya ƙoshi.

Ana haka azumi ya kama. Likita ya ce a waya kada ya yi, ga shekaru ga magani. Baba ya ce likitan ya ji da kansa. Sahur ɗinsa ruwa da dabino, buɗa-baki rabin kofin kunu. Kullum in na shiga gyara ɗaki sai in ga mazagin wandonsa ya ƙara tsawo.

Ruwa kuwa kullum ne. Azahar na wucewa gari zai yi tsit, iska ta ɗauke, gumi ya riƙa bin bayanka ko fanka na kanka. Can sai tsawa, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba yakan ja kujera zuwa baranda ya zauna a bayan ƙarafunan da muka sa saboda Amira. Idon da aka yi wa aiki ya fara washewa, kuma abin da ya fara gani da shi ke nan: ruwa na sauka a kan kwalta, titi babu kowa, jirgin ƙasa na wucewa a kan gadar sama fayau babu fasinja.

"Uwani," ya ce da ni wata rana, don haka yake kirana, "wannan ruwan duk ina yake zuwa?"

"Kwata, Baba."

"Babu mai shuka?"

"A nan dai babu."

Ya zura hannu ta tsakanin ƙarafunan, ya tari ruwan, ya kai hanci. Ya ce ko ƙamshin ƙasa babu. Ya goge hannun a rigarsa.

Ranar da yayana Haladu ya bugo ya ce an yi ruwan shuka a gida, Baba bai ce komai ba sai "Madalla." Ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Washegari yana sallar la'asar, ya sunkuya ruku'u, sai kawai ya tafi gaba. Allah ya sa Sabi'u na kusa ya tare shi. Nan ne tsoro ya kama ni sosai. A lokacin in aka kai mutum asibiti ba a barin kowa ya bi shi. Abin da nake gani a raina ke nan dare da rana: a fita da Baba a motar asibiti shi kaɗai, a binne shi a ƙasar da ko sunansa ba a iya faɗa ba, ni kuma ina saman bene ina leƙe.

Da aka sha ruwa na ajiye masa tuwo na zauna a gabansa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Baba, so kake ka kashe kanka a hannuna? Tuwon nan ni na tuƙa shi, 'yarka."

"A murhun wa?" ya ce.

"Sabi'u ai ɗanka ne."

"Suruki dai. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma ni ban taɓa cin abin da ban yi wa kiɗa ba, Uwani. Ina zaune kamar kayan wanki, ina rage wa jikata abinci a gidan wani."

Na kwashe kwanon na koma kicin na yi kukana. Wallahi har haushinsa na ji, shi da taurin kansa da ƙauyensa gaba ɗaya.

Shi kuwa Sabi'u mayen ƙwallon ƙafa ne, kuma a shekarar an dakatar da ita ko'ina. Yana lalube-lalube ya gano ana besbol a Taiwan, su kaɗai suke wasa a duniya yadda ya ce. Ana farawa da yamma, daidai lokacin da mai azumi ke jin kamar rana ta maƙale. Yakan rage murya saboda Baba, ya takure a ƙarshen kujera. Wata yamma ana ruwa, Baba na kan darduma da carbi, ya ba talabijin baya. Can sai na ga carbin ya tsaya.

"Malam Sabi'u, ƙara murya."

Sabi'u har rimot ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Tun zuwan Baba wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu a wurinsa. Ya ƙara. A gefen fili akwai masu ganga da bigila da 'yan rawa. Baba ya karkata kai yana saurare. Mai kulki ɗaya ya fita, wani ya shigo, kiɗa ya sauya.

"Ka ji? Na wannan daban da na wancan."

"Haka ne, Baba. Kowane ɗan wasa da waƙarsa."

"Waƙa kuma? Take ne wannan." Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci talabijin. "Ashe su ma sun sani."

Daga ranar, la'asar na yi zai fito ya zauna. Babu ruwansa da wa ya ci wa ya faɗi. Ya raɗa wa 'yan wasan suna: ga Bahago, ga Mai Ƙugu, ga Ɗan Siriri. Kafin mutum ya bayyana, da jin kiɗa zai ce, "Bahago ne," kuma shi ɗin ne. Yana bi da yatsu a gwiwa, wani lokaci ya tsuke baki ya ce makaɗin ya yi gaggawa, bai bar mutumin ya ja numfashi ba. Ruwa na dukan gilashin taga, ganga na tashi, ni kuma ina soya ƙosai ina leƙensu. Har na fara sa rai. Amma da an kira salla, rabin kofin kunun nan ne dai.

Abu ɗaya ke ba shi haushi: 'yan kallo. Ya ce bai taɓa ganin marowata irinsu ba. An cika fili maƙil, ana ta yi musu kiɗa, babu mai tashi ya liƙa wa makaɗi ko kwabo, babu ma mai motsi. Ni da Sabi'u muka kalli juna. Filin babu kowa. Hotunan mutane ne na kwali aka jera a kujeru saboda annoba, idon Baba bai gama washewa ba balle ya bambance.

Asiri ya tonu ne ranar da aka yi iska a can. Muna kallo wani ɗan kallo mai jar hula ya kife ta baya, ƙafa a sama. Baba ya yi salati.

"Mutum ya faɗi, na kusa da shi ko kallonsa ba su yi ba. Wane irin gari ne wannan?"

Sabi'u ya sosa ƙeya. Ya sauko daga kujera ya durƙusa, kamar shi ya yi laifin. "Baba, ai ba mutane ba ne. Kwali ne aka yanka aka yi wa fenti. An hana kowa shiga."

"Duka?"

"Duka, Baba."

"Wato babu mai jin su."

"Sai 'yan wasan, da irinmu na gida."

Baba ya daɗe yana kallon masu gangar nan suna ta dukanta suna gumi a gaban kujerun kwali. Sannan ya tashi ya shige ɗaki. Ranar ko kunun bai sha ba. Na bi Sabi'u kicin na sauke masa kwandon masifa, na ce da ya ce masa farfaɗiya ce da mutumin mana. Ya ce shi ba zai iya yi wa Baba ƙarya yana kallon idonsa ba. Na ce to ya je ya dafa gaskiyar tasa ya ba shi ya ci.

Haka muka ƙarasa azumi. Sallar idi a falo muka yi ta, Sabi'u na liman, Baba a zaune don tsayuwa ta fara gagararsa. Ya daina fitowa kallo. An ɗan sassauta kulle a gari, amma jirgi babu labari.

Bayan salla da 'yan kwanaki ina wanke-wanke ya tsaya a ƙofar kicin yana dafe da bango. Ya nuna wani tsohon bokitin fenti na roba da nake jiƙa shinkafar waina a ciki. "Ba ni wannan. Da muciya." Na miƙa masa. Ya kifa bokitin ya ƙwanƙwasa gindinsa, ya matsa gefe ya sake ƙwanƙwasawa, ya ce ba laifi. Sannan ya ce in kira masa Haladu. Ashe ya ji an sa ranar gayyar noman farko a gonar gidanmu, kuma babu makaɗi. Ya ce da Haladu ya aro lasifikar mai tallan magani, ya ɗora waya a kan surin da ke tsakiyar gona, don nan ne kaɗai ake samun layi.

Ya fara gwaji, amma sai in ana ruwa, don kada ya dami maƙwabta. Da hadari ya haɗu zai jawo bokiti ya zauna yana jira, ruwa na sauka shi ma ya sauka. Sau da yawa muciyar takan suɓuce masa ta gangara ƙarƙashin kujera. Nakan ɗauko in miƙa masa in ce, "Makaɗi dai da tuwo yake kiɗa." Ya yi kamar bai ji ba.

Ranar gayya, safiyar gida ita ce bayan azahar ɗinmu. Gari ya yi zafin nan mai danƙo, sama ta yi nauyi. Baba ya sa rigarsa ta salla, ya zauna a tsakiyar falo da bokiti tsakanin ƙafafu. Sabi'u ya durƙusa a gabansa ya riƙe waya da hannu biyu daidai bakin bokitin. Aka ɗauka. Muka ji hayaniyar maza, da ƙarar garma, da muryar Haladu yana cewa, "Ga mu a kan kunya, Baba." Na ji kamar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar gonarmu ya shigo falon.

Baba ya fara da taken Haladu. Ta cikin waya muka ji an yi shewa. Ya shiga na Mamman Dogo, yana kiran sunansa da na uwarsa, muryar da na manta yana da ita. Daidai nan tsawa ta fashe a kan benenmu, ruwa ya kece. Ina tsaye a bayan Sabi'u, na ga fuskar wayar ta yi haske, ta nuna kira ya yanke, ta yi baƙi.

Sabi'u ya ɗago ya kalle ni. Na girgiza masa kai. Ban san me zai yi ba, shi da ya ce ba ya iya ƙarya. Ya gyara durƙuso, ya ƙara matso da wayar kusa da bokitin.

Baba idonsa a rufe. Ya bi mazan ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya, layi-layi, yadda suke jerawa a gona. In ya zo kan wanda ya san rago ne sai ya maimaita masa sau biyu yana zolayarsa. Gumi ya jiƙa rigar sallar. Ruwa na dukan taga, ƙasa ta ɓace, sai mu kaɗai a sama cikin farin hazo da ƙarar roba. Amira ta fito tana tsalle. Na ga jijiyar wuyan Sabi'u ta tashi, amma bai sauke wayar ba, bai sauya hannu ba. Haka har ruwan ya fara tsagaitawa.

Na ɗauka an gama. Sai Baba ya buɗe ido, ya dubi Sabi'u, ya buga wani kiɗa gajere, mai ɗan tsayawa a tsakiya kamar mai ɗaukar numfashi. Ya maimaita shi sau uku. Na san taken kowa a ƙauyenmu, da su aka yi mini reno, amma wannan ban taɓa ji ba.

"Baba, wannan na wa ne?"

"Na mai riƙe waya," ya ce. Ya ajiye muciya. "Sauke hannunka, ɗana. Tun a kan Mamman Dogo layin ya yanke. Da kunne nake cin abinci, kuna tsammanin ban ji ba?"

Sabi'u ya sunkuyar da kai. Na ce, "To me ya sa ba ka tsaya ba?"

"Waɗancan na Taiwan sun tsaya ne? Kuma ni nawa ɗan kallon ba kwali ba ne, har gumi yake." Ya share fuska da hannun riga. "Uwani, akwai tuwo?"

Ban san lokacin da na isa kicin ba. Na juye sauran kukar duka a miya, na ce gobe ta yi maganin kanta. Na kawo masa malmala biyu. Sabi'u ya miƙe zai sulale kicin yadda ya saba, Baba ya ce, "Ina za ka? Wanda na yi wa take ai na yi masa aiki. Wanke hannu." Suka ci a kwano ɗaya, Sabi'u na ta sunne kai kamar sabon ango. Baba ya share kwanon tas ya tambaya ko da ƙari.

Sai da aka fara yankan gero a gida ya samu jirgi. Daminar nan dai ta wuce shi, ita kaɗai a rayuwarsa, amma da ƙafarsa ya sauka a Kano. Yanzu ƙarfi ya ja baya, ɗan Haladu ke rataya gangar, shi yana zaune a inuwa yana gyara masa. Ni kuwa ina nan inda ya bar ni, a bayan ƙarafunan nan, damina tana zuwa tana wucewa a can ban gan ta ba. Sabi'u, haifaffen birnin Kano da bai taɓa riƙe garma ba, shi ne ke da take a ƙauyenmu.

Jiya da na sauke muciya na kira Baba. Na ce an dawo wasa, fili cike da mutane, na gaske. Ya ce, "Suna ba makaɗan wani abu?" Na ce a'a. Ya ce ashe gara kwalin. Sannan ya ce in kai wa Sabi'u waya kusa, na ji ya jawo wani abu kamar kwanon sha ya fara ƙwanƙwasa taken nan. Yana zuwa inda ake ɗaukar numfashi aka yi tsawa, layin ya ɗauke.

Na san Baba, sai ya kai ƙarshe. Na ci gaba da riƙe wayar a tsakaninmu, Sabi'u ya kashe muryar talabijin, muka tsaya har inda muka san ya gama. Tuwon ma sai da ya kama.